Gyaran Kik na Mota da Ciro Maganaɗisunsa

Idan aka murɗa makulli aka ji ƙara sau ɗaya tak, inji bai juya ba, kada a yi gaggawar yanke wa kik hukunci. A fara duba batir da kawunansa, domin kik yana jan wuta fiye da amfiya 100 daga batir mai bolt 12, saboda haka tsatsa kaɗan ta isa ta hana shi aiki.

In batir lafiya yake, a cire wayar baƙin kai tukuna, sannan a kwance kik. Abin da ya fi lalacewa shi ne burushin gawayi da ke gugar zoben tagulla na amecha (sashen da ke juyawa a cikin kik), wanda yake cinyewa har ya daina taɓa zoben. A sauya shi, a goge zoben da samfefa mai laushi, a kuma duba bushi da haƙoran bendis, wato ƙaramar giyar da ke kama inji ta juya shi. Akwai direbobin da ke bubbuga kik da guduma don ya tashi, amma wannan dabara takan farfasa maganaɗisun da ke ciki.

Sai amecha ta ƙone ne ake maganar ciro maganaɗisu don haɗa ƙaramin janareta da su, kafin a miƙa sauran ga 'yan gwangwan. Ba kowane kik ke da shi ba, don tsofaffin ƙira da naɗin waya suke aiki. Sababbi sukan zo da guda 4 ko 6 masu lanƙwasa, kuma irin na farayit ne, mai fashewa kamar tangaran. A zare maƙalansu a hankali, kada a gasa su da wuta, domin zafi mai tsanani yana kashe ƙarfinsu.

Wajen haɗa janareta, ana jera su a kan faifai mai juyawa, fuskar arewa na bin ta kudu, kusa ƙwarai da naɗin siririyar wayar tagulla, bisa ƙa'idar da Michael Faraday ya gano a 1831. Wutar da ke fita mai kai da komowa ce, sai ta bi ta dayod, mai barin wuta ta bi hanya ɗaya kawai, kafin ta shiga batir. A ganina, kada a sa ran ta ɗauki firji ko dutsen guga, amma in an yawaita naɗi kuma faifan yana gudu sosai, za ta kunna ƙananan ƙwayayen LED.