Latin, Tulu da Fiyano: Wa Ya Kamata a Ji a Misa?

Yohanna: Jama'a, barkanmu da sake saduwa. Yohanna ne, yau ma ina tare da Baba Bitrus da Mama Laraba. Baba, ina wuni? Yaya ƙafar?

Baba Bitrus: Ƙafa da sauƙi, ɗana. Kunne ne bai warke ba tun ranar Lahadi.

Mama Laraba: Ai na san za a zo nan. Tun a bakin ƙofa yake gunaguni.

Yohanna: To, bari in faɗa wa masu sauraro laifina da kaina. Ni ke kaɗa fiyano a cocinmu. Ranar Lahadi, lokacin "Ɗan Rago na Allah", na bar kiɗan gangar da ke cikin na'urar yana tafiya. Baba ya juyo ya yi mini wani kallo, har yanzu ban manta ba.

Baba Bitrus: Makosa, kiɗan rawa, ka sa mana. Ana roƙon jinƙai, Fada yana gutsuttsura gurasa a bagade, kai kuma ka mai da mu gidan biki. Shekara talatin na yi ina riƙe da kwaya, ban taɓa jin an roƙi jinƙai da rawar kafaɗa ba.

Yohanna: Na karɓi laifi. Amma abin da ya kawo mu ke nan yau: waƙoƙin da, da waƙoƙin zamani, a cikin sujadar Katolika. Baba yana gefen gargajiya, ni ina gefen zamani.

Mama Laraba: Dakata tukuna. Wace gargajiyar? Don in Baba ya ce gargajiya, Latin yake nufi. Ni kuwa in na ce gargajiya, tulu nake nufi da caki da kuge. Ni da shi ba layi ɗaya muke ba, kada ka haɗa mu.

Baba Bitrus: Maman Zumunta ta fara.

Mama Laraba: Ban ma fara ba. Ba su labarin takardar nan ta Fafaroma da ka taɓa gaya mana, wadda ta kore ni daga kwaya.

Baba Bitrus: Ta 1903 ke nan. Fafaroma Piyus na 10 ya fitar da ita ranar 22 ga Nuwamba, ranar tunawa da Sisiliya mai tsarki, wadda mawaƙa ke ɗauka uwarsu. A lokacin, a Italiya, waƙar coci ta koma kamar ta gidan wasan kwaikwayo, mutum ɗaya ya tsaya yana nuna gwanintar murya, sauran suna kallo. Sai ya ce a koma wa waƙar Girigori, wato tsohon salon rera waƙar coci da Latin, da murya zalla. Ya hana fiyano a coci. Ya hana ganga da ƙararrawa da duk kayan kiɗa masu hayaniya. Ya kuma ce mata ba za su shiga kwaya ba, in ana son siririyar murya a nemo yara maza.

Yohanna: Wato da ni da Mama duk an kore mu a takarda ɗaya.

Mama Laraba: Ka gani? Shi kaɗai aka bari a ciki.

Baba Bitrus: Ku lura da shekarar dai. Bayan shekara huɗu kacal, a 1907, su Fada na ƙungiyar SMA, masu aikin mishan a Afirka, suka sauka a Shendam, a ƙasar Goemai, suka kafa mishan. Wato waɗanda suka kawo mana Misa sun zo ne da wannan doka sabuwa fil a kansu. Ga shi kuma sun tarar da ganga a wurin tsafi da wurin giya. Yaya za a yi su bar ta ta shiga coci? Ni na yi yaron bagade a ƙarshen wancan zamani. Fada yana fuskantar bagade, ya ba mu baya, ya juyo ya ce "Dominus vobiscum", mu amsa "Et cum spiritu tuo". Ban san ma'anarsa ba sai da na girma. Amma in aka ɗauki "Kyrie", wato "Ubangiji ka yi mana jinƙai", a ja wasalin nan a hankali, ba ganga ba tafi, sai ka ji cocin ya yi tsit har tsikar jikinka ta tashi.

Yohanna: Baba, "Kyrie" ɗin ma ai ba Latin ba ne.

Baba Bitrus: Helenanci ne, na sani, kada ka koya wa kaka cin tuwo. Kuma tunda ka taɓo, waƙar da ake kira ta Girigori ma ba Fafaroma Girigori ne ya zauna ya tsara ta duka ba. Shi ya rasu a 604, ita kuwa ta ɗauki kamanninta ne a ƙasar Faransawan da, wajen ƙarni na 8 da na 9. Daga baya ta lalace, sai 'yan zuhudu na Solem a Faransa suka bi tsofaffin rubuce-rubuce a ƙarni na 19 suka farfaɗo da ita.

Mama Laraba: To ashe ita ma ta sha gyara.

Baba Bitrus: Ta sha. Ban musa ba.

Yohanna: Sai babban taron Batikan na biyu, na bishop-bishop ɗin Katolika na duniya, 1962 zuwa 1965. Nan ne kowa ke samun ayar da zai kare kansa. Takardar sujada ta fito ranar 4 ga Disamba 1963. Baba yana son sashe na 116, inda aka ce waƙar Girigori ita ce ta gidan, a ba ta wurin gaba. Mama tana da sashe na 119, wanda ya ce al'ummomin da ke da nasu kiɗan, musamman a ƙasashen mishan, a girmama shi a ba shi wuri. Ni kuma na riƙe na 120: ya yabi ogan mai bututu, amma ya ce ana iya shigo da wasu kayan kiɗa in hukumar ikilisiya ta yankin ta yarda, kuma in sun dace da ibada.

Baba Bitrus: "In sun dace." Nan ka saba yin tsalle.

Mama Laraba: Ni ban san lambobin sashe ba, abin da na sani shi ne ranar da aka ɗauke wuta. Kun tuna? Bikin godiyar girbi, coci ya cika har waje, ana tsakiyar waƙar baiko, sai ɗif. Janareta ya ƙi tashi. Fiyano ya mutu, lasifika ta mutu, 'yan kwaya suka tsaya suna kallon juna kamar an kama su da sata. Sai wata tsohuwa a layinmu ta jawo tulunta tsakanin ƙafafu, ta ɗauki soson nan da muke naɗewa a ƙyalle, ta buga bakin tulun. Bum. Bum. Ƙaramin tulu ya amsa, caki ya shiga. Na ba da waƙa, mata suka karɓa, kafin baiti na biyu maza sun shiga, yara sun shiga, har masu ɗauke da dawa da doya a ka suna takawa zuwa bagade. Ni dai tun da nake cocin nan ban taɓa jin muryar mutanenmu kamar ranar ba. Ashe suna da murya, lasifika ce ta danne ta.

Yohanna: Ina wurin. Na zauna a bayan fiyano hannuna a cinya, kunya ta kama ni.

Mama Laraba: Ba kunya nake so ka ji ba, ɗana. Dalili nake so ka gani. Waƙarmu ta bayarwa da amshi ce. Mai bayarwa ta faɗi layi, jama'a su amsa. Ba a bukatar littafi, wadda ba ta yi boko ba ma tana ciki. Haka muke yi a daka, haka a gona.

Baba Bitrus: Nan kam na ba ki gaskiya, kuma Misa kanta haka aka gina ta. Zabura da ake yi bayan karatu na farko ai bayarwa da amshi ce. "Ubangiji ka yi mana jinƙai" bayarwa da amshi ce. Abin da ya fi ba ni wahala a shekarun da na yi ina koyar da kwaya shi ne waƙoƙin Turawa da aka juya zuwa Hausa aka bar musu karinsu na asali. Hausa tana da hawa da sauka, tana da dogon wasali da gajere. Ka ɗauki "wuya". In murya ta fara ƙasa ta hau, wahala ke nan. In ta fara sama ta sauko, wuyan da ke riƙe da kai ne. To ka sa "ka fitar da mu daga wuya" a kan karin da ke gangarowa, me ka roƙa?

Yohanna: Haba Baba, ai kowa ya san abin da ake nufi.

Baba Bitrus: An sani, amma kunne yana jin tuntuɓen. Shi ya sa irin waɗannan waƙoƙi mutane ke jan su kamar an ɗora musu kaya. Wadda aka tsara da Hausa tun farko kuwa, ji ɗaya yaro ya kama.

Yohanna: To in haka ne, me ya hana mu shigo da komai? Kalangu, goge, garaya, algaita.

Mama Laraba: A'a, kowane kiɗa da inda yake kai zuciya. Tsohon da ya taso yana jin garaya da goge a wajen bori, in ya ji su a gaban bagade, ba addu'a zai tuna ba. Kalangu kuma wani mahauta zai tuna, wani dandali. Ba wai kayan ne ke da zunubi ba. Sai an bi a hankali, an tambayi mutanen wurin.

Baba Bitrus: Akwai waɗanda suka bi a hankalin, suka kuma dace. A Senegal, kusa da Dakar, akwai gidan 'yan zuhudu na Kur Musa. A 1963 aka buɗe shi, kuma waɗanda suka kafa shi daga Solem suka fito, wato gidan waƙar Girigori kansa. Su ne suka zauna suka saurari makaɗan ƙasar, suka ɗauki kora, molon nan mai tsirkiya 21 na maroƙan Mandinka, suka riƙa rera Zabura da shi. Har ƙera kora suke yi a gidan. In ka ji, natsuwar Girigori tana nan, amma sautin na Afirka ta Yamma ne.

Yohanna: Kwango ma fa. Tun 1958, kafin taron Batikan, wani Fada ɗan Beljiyam, Guido Haazen, ya yi Missa Luba da yaran makaranta a Kamina: kalmomin Misa na da, kari da ganguna na ƙasar. A 1988 kuma Roma ta amince wa Zayar, sunan Kwango a lokacin, da tsarin Misa nata, har da rawa a cikin jerin shiga. Fafaroma Francis da kansa ya yi Misa da wannan tsari a cocin Bitrus mai tsarki ranar 1 ga Disamba 2019.

Baba Bitrus: Yanzu za ka ce tunda an yi rawa a Roma, a bar ka da makosarka.

Yohanna: Ba haka ba. Amma ku ma ku ji ta bakinmu. Abokaina da yawa sun bar zuwa Misa, suna can inda ake da jita da ganguna da manyan lasifikoki. In na tambaye su, sai su ce cocinmu sanyi. Waƙoƙin yabo da muke yi a taron addu'a na Karismatik na Katolika, wanda ya faro a Amurka a 1967, su suka riƙe wasunmu. In matashi ya zo ya ji abin da ya taɓa shi, ba zan raina wannan ba.

Mama Laraba: Ni ma ban raina ba. Jikokina da su suke tashi da safe. Amma taron addu'a daban, Misa daban. A Misa akwai kalmomin da ba naka ba ne. "Ɗaukaka ga Allah", "Mai Tsarki", "Ɗan Rago", ba a cire su a sa wata waƙa don ta fi daɗi. Na je wani coci a birni, aka zo wurin "Ɗaukaka", sai suka sa wani amshi mai layi biyu suka maimaita sau goma. Na ce a raina, ina sauran?

Baba Bitrus: Sannan da lokaci. A azumin kafin Ista ba a yin "Halleluya", kuma ban da ranakun manyan bukukuwa ba a yin "Ɗaukaka". Kayan kiɗa ma doka ta ce su tallafa wa murya kawai, ban da Lahadi ta huɗu da ranakun idi. Don me? Don in daren Ista ya zo, aka buga ƙararrawa, aka saki ganga, ka ji bambanci a jikinka. In kullum a ƙure kake, ranar murna da me za ka ƙara?

Yohanna: Wannan ya shige ni. Gaskiya matsalar na'urar ita ce, in ka danna kiɗan, ba ta jiran kowa. Tsohuwa ta ja numfashi, ita ta wuce. Mai tulu kuwa tana kallon bakin mutane.

Baba Bitrus: To kashe gangar cikinta, ka riƙa bin mu da yatsunka. Ka rage lasifika har sai ka ji layin baya. Ni kuma na yarda Latin ɗin kada ya wuce wanda jama'a suka iya amsawa. Ba amfani kwaya ta yi ta shan wahala da abin da ta kwana uku tana haddacewa, mutane suna duba agogo.

Mama Laraba: A rubuta wannan, yau Baba ya sauko.

Baba Bitrus: Taki ɗaya na sauko. "Credo", shaidar bangaskiya da Latin, na ranar Lahadin farkon wata yana nan, ba mai taɓa shi.

Yohanna: Mama, in na kashe gangar, za ku kawo tuluna gwajin waƙa ranar Alhamis?

Mama Laraba: Za mu kawo, in ka zo da babur ka ɗauki babban. Wancan karon a ka na ɗauko shi, wuyana ya kwana biyu yana ciwo.

Baba Bitrus: Wanne wuyan, mai hawa ko mai sauka?

Mama Laraba: Duka biyun, Baba.

Yohanna: Ƙarfe huɗu zan zo. Jama'a, a nan za mu tsaya, sai mako mai zuwa. Ku huta lafiya.