Jawabin Maraba ga Mai Girma Kwamishinan Yaɗa Labarai a Sashen Koyar da Aikin Jarida

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Mai girma Kwamishinan Yaɗa Labarai, shehunan malamai, editoci da wakilan gidajen rediyo da talabijin, 'ya'yanmu ɗalibai, assalamu alaikum.

Ranka ya daɗe, a madadin malamai da ɗaliban wannan sashe ina yi maka barka da zuwa, tare da godiya da ka taka da ƙafarka ka zo inda ake rainon waɗanda gobe za su riƙa tare ka da makirufo suna yi maka tambayoyi. Ziyarar ta zo a kan gaɓa, domin muna koyar da wannan aiki ne a lokacin da garkuwa da mutane da hare-haren 'yan bindiga suka hana manomi zuwa gona, kuma kafin wakilinmu ya isa wurin da abu ya faru, labarin ya riga ya zaga gari a WhatsApp.

Wannan matsala tsohuwa ce, tufafi kawai ta canja. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fitowa a Zariya a watan Janairun 1939 da Abubakar Imam a matsayin edita, an kafa ta ne a lokacin da jita-jita ta cika kasuwanni cewa Turawan Ingila za su miƙa ƙasar nan ga Jamusawa. Tun daga sunanta an faɗi aikin ɗan jarida. Shi ya sa darasin farko da muke ɗora ɗalibi a kai shi ne umarnin da ya zo a aya ta 6 ta Suratul Hujurati, cewa a binciki labari kafin a yi aiki da shi, don kada a cutar da wasu mutane cikin jahilci a wayi gari ana nadama.

Mun ga abin da alƙalami yake jawowa idan aka sake shi. A watan Nuwamban 2002, wani rubutu da jaridar ThisDay ta buga a kan gasar sarauniyar kyau ta duniya ya zama sanadin rikicin da ya ci rayukan fiye da mutum 200 a Kaduna. Saboda haka muke matsa wa ɗalibanmu lamba a kan abubuwan da wasu ke ganin ƙanana ne: kada a liƙa wa mai laifi sunan ƙabilarsa a kanun labari alhali ƙabilar ba ta aike shi ba, kada a wallafa hoton gawa ba a san inda aka ɗauke shi ba balle ranar, kada a faɗi adadin mamata sai an ji daga bakin da ya ƙirga. Kuma a guji ambulan ɗin kuɗin da ake miƙa wa 'yan jarida bayan taro, domin bakin da ya ci ba ya iya faɗin gaskiya a kan mai abincin.

Aikin yana da tsada ga masu yinsa. An kashe Zakariyya Isa na NTA a Maiduguri a 2011, an kuma harbe Enenche Akogwu na gidan talabijin na Channels a Kano ranar 20 ga Janairun 2012 yana kan aiki. Sunayensu muke ambata wa duk ɗalibin da ya ɗauka jarida hanyar yin suna ce.

Akwai tambayar da har yanzu muke muhawara a kanta a aji. A watan Agustan 2022 hukumar NBC mai kula da gidajen rediyo da talabijin ta ci tarar gidan Trust TV naira miliyan 5 saboda shirin da ya nuna 'yan bindiga suna magana. Wasu malamanmu na ganin ba wa ɗan ta'adda makirufo tamkar ƙara masa girma ne, kuma maganarsu tana da nauyi. Ni dai a nawa ganin, jama'ar da ake kashewa suna da haƙƙin sanin wanda ke kashe su da dalilinsa, matuƙar ɗan jarida ya ƙure shi da tambaya, ya kuma ba waɗanda aka zalunta fili fiye da nasa.

Ranka ya daɗe, ga roƙonmu. Sashe na 22 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ɗora wa 'yan jarida alhakin bin diddigin gwamnati, dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 kuma ta ba su damar neman takardu. Idan aka kai hari, ofishin gwamnati ya yi gum, shirun nan shi ne takin jita-jita. Muna roƙon ma'aikatarka ta riƙa fitar da bayani da wuri, ko da mai ɗaci ne, ta kuma buɗe wa ɗalibanmu ƙofar gidajen rediyo da talabijin na jiha don samun horo a aikace.

Bayan jawabinka, ɗaliban aji huɗu suna jiran ka a ɗakin watsa shirye-shirye, sun shirya maka tambayoyi da kansu, mu malamai ba mu duba musu ba. Allah ya ja zamaninka, ya mai da kai gida lafiya. Bismillah, ranka ya daɗe, fili naka ne.