Likitan Haƙori a Ƙaramin Gari

Assalamu alaikum, jama'a. Na gode da kuka ba ni wannan lokaci.

Zan fara da labarin wani saurayi, Frederick McKay. A shekarar 1901, bayan ya gama karatun likitan haƙori, ya je ya buɗe wurin aiki a garin Colorado Springs a Amurka. Bai daɗe ba ya lura cewa yawancin yaran da aka haifa a garin haƙoransu duk tabo ne ruwan ƙasa, wasu har sun yi duhu. Ya duba littattafan da ya karanta, babu bayani. Mutanen gari kuwa sun saba, kowa da nasa zancen.

Da wani ne, sai ya ci gaba da ciko da cire haƙori, ya karɓi kuɗinsa. Shi kuwa ya shiga makarantu yana duba bakin yara ɗaya bayan ɗaya. A 1909 ya jawo babban masani G. V. Black ya zo ya gani da idonsa. Abin da ya fi ɗaure musu kai shi ne, haƙoran nan masu tabo ba sa saurin yin kogo.

A 1923 iyaye a wani ƙaramin gari, Oakley, a jihar Idaho, suka kawo masa kuka. Tabon ya fara ne bayan an jawo musu ruwan famfo daga wani marmaro mai ɗumi. McKay ya gwada ruwan bai ga komai ba, amma ya tsaya gaban shugabannin garin ya ce a sauya marmaro. Suka ji, suka sauya. Bayan 'yan shekaru yaran da suka taso haƙoransu suka fito fes. Sai a 1931 aka gano sinadarin fuloraid ne ya yi yawa a irin waɗannan ruwaye. Daga nan aka gane cewa kaɗan daga cikinsa kariya ne daga kogon haƙori, har birnin Grand Rapids ya fara sa shi a ruwan sha a 1945.

To, ku duba. Wannan aiki duk ba a cikin ɗakin likita aka yi shi ba. Ni a ganina, likitan da ke ƙaramin gari yana da abin da na babban birni ba shi da shi: ya san uwa, ya san 'yarta, ya san jikarta, ya san ruwan da suke sha. In ya ga ciwo ɗaya a baki goma, ya san matsalar ta gari ce. Don haka in kun gan shi a taron makaranta ko zaman kwamitin ruwa, kada ku ce shisshigi yake yi.

Abin da ke ci mini rai kullum shi ne turmin farko na haƙoran dindindin. Yana fitowa ne yaro na da kamar shekara 6, a can baya, ba tare da wani haƙori ya faɗi ba. Iyaye sai su ɗauka haƙorin yarinta ne, zai fita lokacin famfara. Ba zai fita ba, kuma babu wani a bayansa. Sai yaro ya kwana uku yana kuka, kunci ya kumbura, sannan a kawo shi, lokacin kogo ya kai jijiya. Likitan da ya shiga aji ya duba yara talatin da 'yar tocila da madubi, kafin a tashi zai gano waɗanda ciko ƙarami zai wadatar.

Ga wata baiwar Allah can baya ta ɗaga hannu. Bismillah, Hajiya.