Gadon Da Ke Ƙarƙashin Teku: Wa Ke Riƙe Da Makullin?

(Lacca ce da aka gabatar a wani zauren taro da ke Agege, aka rubuto ta daga rikodin.)

Assalamu alaikum. Shugaban taro, iyayenmu malamai, alhazai, hajiyoyin da ke can baya, ina fata kuna ji na. In lasifikar nan ta yi gardama a yi haƙuri, janareto ne.

Abu uku zan taɓa in Allah Ya yarda: me ke ƙasan tekun, na wane ne, sannan ina namu rabon.

Na farko. A tekun Pasifik, tsakanin Hawai da Meziko, akwai yankin da ake kira Clarion-Clipperton. Faɗinsa murabba'in kilomita miliyan 4.5, kusan Najeriya biyar ke nan, zurfin ruwan kuma ya wuce kilomita 4. Can ƙasa a kan laka wasu baƙaƙen duwatsu ne a warwatse, ɗaya bai wuce cikin tafin hannu ba. Cikinsu akwai manganis, nikel, kobalt da jan ƙarfe. 'Yan gwangwan da ke nan sun fi ni sanin kuɗin kilon jan ƙarfe, ga Alhaji can yana murmushi. Ma'adanan nan ake nema don batirin waya da na motocin lantarki. Amma dutsen nan 'yan milimita yake ƙaruwa a shekara miliyan. Wanda ya kwashe, ya kwashe ke nan. A 1989 Jamusawa sun ja garma a ƙasan teku daura da Peru don gwaji, da aka koma a 2015 sawun garmar na nan raɗau.

Bari in ba ku dariya. A 1974 attajirin Amurka Howard Hughes ya fitar da wani ƙaton jirgi, aka ce duwatsun nan zai kwaso. Ashe aikin CIA ne, jirgin yaƙin Tarayyar Sobiyet da ya nutse suke son ɗagowa! (dariya) Tun daga tushe harkar da rufa-rufa ta fara.

To, na wane ne? Nan ne maganar take, ku gyara zama. A 1967 jakadan Malta, Arvid Pardo, ya miƙe a Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce dukiyar ƙasan teku, wadda ke wajen iyakar kowace ƙasa, gado ce ta ɗan Adam baki ɗaya. Kada wanda ya fi jirage ya riga kowa. Aka yi ta ja-in-ja har 1982, aka sa hannu a kan Dokar Teku a Jamaika. Najeriya ta amince da ita a 1986. Kuma wallahi tsarin farko ya yi kyau a takarda. Kamfanin da ke son fili zai kawo filaye biyu masu daraja ɗaya, a ba shi guda, a ajiye guda domin ƙasashe masu tasowa. Sannan hukumar da ke kula da ƙasan tekun, mai mazauni a birnin Kingston na Jamaika, za ta sami kamfaninta na kanta, sunansa Enterprise, ya haƙo da sunan kowa da kowa, manyan ƙasashe su zuba masa jari, kamfanoni kuma dole su sayar masa da fasaha. Dole fa, ba alfarma ba. Ku riƙe wannan: dole.

Shugaban Amurka na lokacin, Reagan, ya ce bai yarda ba. Ingila da Jamus ta Yamma su ma suka noƙe. Sai aka zauna a 1994 aka yi wa dokar kwaskwarima don a lallaso su. Aka cire tilascin ba da fasaha. Aka cire tilascin zuba jari. Enterprise ya zama suna kawai, shekara 30 bai ɗago ko tsakuwa ba. Amurkar da aka yi wa wannan lallashi kuwa har yau ba ta shiga ba!

Malamai sun san irin wannan shari'a. Uba ya rasu ya bar gona, babban wa ya ce ai gonar ta mu duka ce, ba na musu. Amma garma tasa ce, shanun huɗa nasa ne, makullin rumbu na aljihunsa. Gona ta kowa, hatsi na mutum ɗaya. Abin da aka yi mana a 1994 ke nan. Na ce 1994, ku rubuta.

Filayen da aka ajiye wa talakawa fa? Ku ji. Nauru tsibiri ne mai mutum kusan 12,000, ba su cika unguwa guda a Agegen nan ba. Ita ta tsaya wa wani reshen kamfanin Kanada, The Metals Company, ya karɓi fili daga kason talakawan. Tuta ta matalauci, riba ta mai jari. A 2021 Nauru ta taso hukumar a gaba cewa ta kammala dokokin haƙa cikin shekara 2. Ba na zagin Nauru, ƙasa ce da aka kwashe mata ma'adinin fosfet aka bar ta da ramuka, mai yunwa ba ya zaɓen tuwo. Amma Papua New Guinea ta zuba kusan dala miliyan 120 a irin wannan harka a ruwanta, kamfanin da ke aikin ya durƙushe a 2019.

Ina muke, na uku ko na huɗu? Shugaba yana nuna mini agogo. A gurguje. Hukumar ta ba da lasisin bincike sama da 30, Sin na da 5, babu ƙasar Afirka ko ɗaya. Kwango ce ke fitar da kusan kashi 70 cikin 100 na kobalt ɗin duniya, Afirka ta Kudu da Gabon na sayar da manganis, Zambiya jan ƙarfe. In na teku ya cika kasuwa farashi ya faɗi, mu ne da asara biyu: ba mu ci na ruwa ba, na tudu ya karye. A Afrilun 2025 kuma Trump ya sa hannu a umarnin da zai ba Amurka damar ba da lasisi da kanta, ba tare da hukumar da ke Kingston ba. Ƙasashe sama da 30 na kiran a dakata da haƙar tukuna. Na'am, Hajiya?

(Wata daga baya: Malam, mu 'yan Arewa ko teku ba mu da shi, me ya shafe mu?)

Allah Ya saka, Hajiya. Sashe na 140 na dokar ya ce amfanin na kowa ne, da mai gaɓar teku da marar ita. 'Yan uwanmu na Nijar da ke zaune nan haƙƙinsu ɗaya da na Faransa, a takarda. Kuma mu a gida mun taɓa wannan rigimar. A 2002 Kotun Ƙoli ta ce man da ke cikin teku na tarayya ne, ba ya shiga kashi 13 na jihohin mai. A 2004 aka yi doka aka mayar musu har zuwa zurfin mita 200, gwamnonin Arewa suka kai ƙara ba su yi nasara ba. Kin ga ashe mun san rabon arzikin ruwa. Abin da zan tambaye ki shi ne, kason da jiharku ke karɓa duk wata daga Abuja, nawa ya iso asibitin garinku? Tun 2023 muna da ma'aikatar tattalin arzikin teku. Matasan da ke nan ku rubuta mata takarda, ku tambayi wa ke wakiltar Najeriya a Kingston da abin da yake faɗa in ya je. Shugaba, na ji, an kira salla. Sauran tambayoyi sai mun idar.