Laccar da aka gabatar wa masu gidajen mai kan gano yoyon tankin ƙarƙashin ƙasa

Assalamu alaikum. Alhazai masu gidajen mai, manajoji da masu kula da famfo, barkanku da zuwa.

Bari mu fara da lissafi. A Amurka, hukumar kare muhalli ta EPA ta kafa dokar tankokin ƙarƙashin ƙasa a 1988, ta sabunta ta a 2015. Dokar ta ce na'urar da ke auna mai a cikin tanki dole ta iya gano yoyon galan 0.2 a awa guda, wato kamar kashi uku cikin huɗu na lita. To ku ninka: lita 18 ke nan a kwana ɗaya, sama da lita 6,500 a shekara. Irin wannan yoyo ba ya wari a farfajiya, ba ya jiƙa siminti. Ƙasa ce ke shanye shi har ya tarar da ruwan da maƙwabta ke ja a rijiya da burtsatse, fetur kuwa yana ɗauke da sinadarin benzin mai haddasa sankarar jini. A Najeriya hukumar NMDPRA ce ke ba da lasisin gidan mai tun bayan dokar man fetur ta 2021, malalar mai kuma aikin hukumar NOSDRA ne. Amma alƙaluman da zan kawo na dokar Amurka ne, domin ta fayyace komai da lamba.

Aikin yana farawa daga sandar awo. Kullum, a lokaci guda, a tsayar da sayarwa daga tankin, a zura sanda a hankali har ta taɓa gindi, a karanta da daidaiton milimita 3. A duba bakin sandar, domin in ya cinye, kowane awo ƙarya ne. Kowane tanki da takardar ma'auninsa, wadda ke mayar da awon sanda zuwa lita, kada a ari ta wani. Sai a ɗauki abin da ya kwana, a haɗa da abin da aka sauke, a cire abin da mita ta nuna an sayar, a gwada da abin da sanda ta ce. Ranar sauke mai a auna kafin da bayan saukewa, a bar man ya natsu tukuna. Fetur yana raguwa da kusan kashi ɗaya cikin dubu duk sanda ya huce da digiri ɗaya na ma'aunin Celsius. Tankar lita 33,000 da ta sha rana a hanya, in man ya huce da digiri 5 a ƙasa, an rasa fiye da lita 150 ba tare da an zubar da ɗigo ba.

A ƙarshen wata dokar ta yarda da giɓin kashi 1 cikin 100 na man da aka sayar, da ƙarin galan 130, wato kusan lita 490. Ya wuce haka wata biyu a jere, sai rahoto. Ku lura da kyau a nan. Mai sayar da lita 200,000 a wata iyakarsa lita 2,490 ce, yoyon da muka lissafa ɗazu kuwa lita 540 ne kawai a wata, zai ɓuya a ciki lafiya lau. Shi ya sa dokar ba ta karɓi wannan lissafin littafi shi kaɗai ba, sai an haɗa da gwajin matsin tanki duk shekara 5, shi ma na shekara 10 kacal bayan binne tankin. Don haka ku dubi inda giɓin ya karkata. Kuskuren awo yau ragi ne gobe ƙari. Ragi kullum a tanki ɗaya magana ce daban, kuma zaluntar yaron famfo ne a yanke masa albashi alhali ba a gwada tankin ba.

Aƙalla sau ɗaya a wata a shafa wa gindin sanda kirim ɗin nan da ke sauya launi in ya taɓa ruwa. Ruwa ya ƙaru da damina, a fara duba robar murfi. In murfi lafiya yake, to a yi zargin huda, kuma inda ruwa ya shiga nan mai zai fita da rani.

Bututu da mahaɗansa sun fi tanki saurin ba da matsala. Inda famfo yake nutse cikin tanki yana turo mai, ana sa masa na'urar da ke gano yoyon lita 11 a awa, ta rage gudun mai. Abin da ke faruwa shi ne a ce famfo ya yi nauyi, a kira makaniki ya cire ta. Ƙararrawa ce aka kashe. A gwada ta duk shekara. Inda famfo ke zuƙo mai daga sama kuwa, in da safe sai ya yi ta jan iska kafin mai ya zo, ko bawul ya lalace ko bututu ya huje.

Tankokin da aka binne a Amurka bayan 11 ga Afrilu 2016 sai masu bango biyu, da na'urar jin danshi a tsakani. Dole ta zauna a wuri mafi zurfi, wanda ya ɗaga ta don ta daina kuka ya makantar da ita. Tankin ƙarfe kuma a gwada kariyar tsatsarsa duk shekara 3.

Da zarar an yi zargin yoyo, dokar ta ba da awa 24 a sanar da hukuma, kwana 7 a tabbatar da gwaji. In ya tabbata, a daina amfani da tankin, a kwashe man da ke ciki. Takardun awon kowane wata a adana su aƙalla shekara ɗaya, da kwanan wata da sa hannun wanda ya auna, domin su mai bincike zai fara nema.