Kowace Kalma da Abokiyar Tafiyarta: Lacca Kan Bayyana Abin da Ke Rai da Turanci

Assalamu alaikum. Na baya kuna jina? To madalla. Ku matso, ga kujeru nan gaba babu kowa.

Abubuwa uku zan taɓo yau a kan abin da Turawa ke kira collocation, wato kalmomin da suka saba tafiya tare har kunnen mai harshen ba ya yarda a raba su. Maganar ba sabuwa ba ce. Tun 1933 Harold Palmer, lokacin yana koyar da Turanci a Japan, ya fitar da rahoto a kansu, ya ce a dunƙule ake koyonsu, ba ɗaiɗai ba. A 1957 kuma masanin harshe J. R. Firth na Ingila ya ce kalma da abokan zamanta ake gane ta.

Na farko, kalmomin ƙarfafawa. Nan zan ɗan daɗe, ku yi haƙuri, don abin yana ci mini rai. Ɗalibi ya gama sakandare, ya shiga jami'a, amma kalma ɗaya ce tak a aljihunsa: very. Farin ciki, very happy. Baƙin ciki, very sad. Fushi, very angry. In abin ya kai maƙura sai ya ce very very. (Dariya.)

To bari in tambaye ku. Fari me? (Masu sauraro: Fat!) Baƙi fa? (Ƙirin!) Ja? (Wur!) Yauwa. Akwai wanda ya taɓa zaunar da ku ya koya muku dokar wannan? Babu. Amma yau Bature ya zo ya ce muku ya sayi riga fara ƙirin, za ku gane nufinsa sarai, sai dai kowa zai kau da kai ya yi murmushi. Haka Turancinmu yake faɗa wa kunnensu idan muka haɗa kalma da wadda ba abokiyarta ba.

Ku rubuta. Wanda ya sa rai da abu ya rasa, bitterly disappointed. Wannan bitterly ɗin, ku lura, inda ɗaci yake nan take zuwa: bitterly regret, nadama mai cin rai, wept bitterly, kuka mai tsuma zuciya, har sanyin hunturu mai ratsa ƙashi, bitterly cold. Ba za ka taɓa jin ta tare da murna ba. Murna tata daban, blissfully happy, irin ta ango a makon farko. Na ga wasu suna sunkuyar da kai a can gefe. (Dariya.) Sai deeply, ita kuma ta abin da ya nutse ne cikin zuciya: deeply moved, deeply hurt, deeply ashamed. Soyayyar da ta ɗauke hankali, madly in love.

Sannan akwai kalmomin da su kansu sun riga sun kai ƙarshe, kamar furious da devastated. Waɗannan ba a sa musu very. Absolutely furious ake cewa, utterly devastated. Ina maimaitawa: ba a sa musu very! Wanda ya riga ya fusata, wane ƙari kuma za ka yi masa? Masu shirin jarrabawar IELTS, wadda ake auna iya Turanci da ita, ku buɗe kunne, a ma'aunin da ake ba da maki, tun daga mataki na 7 an ambaci sanin collocation ƙarara. Ba ado ba ne, maki ne.

Ina muka tsaya? Na biyu. Lokaci yana gudu. Yadda abin ke zuwa wa mutum: a pang of guilt, ɗan sukan da zuciya ke yi maka in ka tuna laifinka, a surge of anger, fushin da ya taso gaba ɗaya, a glimmer of hope, ɗan ƙyallin fata. Sai aikatau: burst into tears, daidai da namu fashe da kuka, lose your temper, fly into a rage.  Na ukun shi ne yadda za ku koya.

A taƙaice, ku daina rubuta kalma ita kaɗai a littafinku. Kada ka rubuta grief ka tsaya, rubuta overcome with grief, da jimlar da ka tsinto ta a ciki. Akwai ƙamus na musamman da Oxford ta fara bugawa a 2002, Oxford Collocations Dictionary, ku neme shi. Akwai kuma rumbun British National Corpus mai kalmomi miliyan 100, ana bincika shi a intanet, ka sa kalma ka ga da wa take yawo. Na'am, Hajiya, ga hannunki a sama.

(Tambaya: Malam, abokin aikina Bature mahaifiyarsa ta rasu. Na ce masa sorry, sai na ji kamar ban yi masa ta'aziyya ba. Me ya kamata in rubuta?)

Allah sarki. Hajiya, kin yi tambayar da ta fi duk abin da na shirya. Mu a nan sorry ta zama sannu, ko tuntuɓe mutum ya yi mukan ce masa sorry. Su kuwa in ta zo ita kaɗai, ta fi karkata ga neman afuwa. Sai an cika ta: I am so sorry for your loss. In a rubuce ne, ki ce I was deeply saddened to hear, ki ambaci rasuwar, sannan please accept my heartfelt condolences, ko my deepest sympathy. Heartfelt da condolences tare suke tafiya, deepest da sympathy haka. Amma don Allah kada ki jera su duka a takarda ɗaya don a ga kin iya Turanci, mai makoki ba ya buƙatar wannan. Ki ɗauki ɗaya. In kin taɓa jin yana ba da labarin mahaifiyar tasa, ki ƙara layi guda a kan abin da kika tuna, da Turanci mai sauƙi. Ki aika yau, kada ki bari sai gobe.

Ga shi an kira sallah. Mai sauran tambaya ya riƙe ta, bayan La'asar mu dawo nan.