Tsohuwar Land Rover a Tsaunin Mambila: Yadda Ake Ƙara wa Inji Ƙarfi

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa.

Duk direban da ya taɓa ɗauko lodi daga Serti ya nufi Gembu ya san abin da ke faruwa da zarar an wuce Mayo Selbe an kama hawa. Motar da ke ja lafiya lau a ƙasa sai jikinta ya yi sanyi. Ka taka totur har ƙasa, ƙara kawai kake ji. Ka dawo giya ta biyu, ka dawo ta ɗaya, yaron mota ya diro da weji a hannu yana bin ta a baya. A can sama kuwa, a Maisamari da Nguroje da Gembu, har yau tsofaffin Land Rover ne ke shiga ƙauyukan da ƙananan motoci ba sa iya kaiwa, musamman da damina. Da yawansu samfurin Series ne, wanda aka daina ƙera na ƙarshensa, wato Series III, tun 1985. Masu su tambaya ɗaya suke yi: me za a yi wa injin nan ya ƙara ƙarfi?

Kafin a taɓa sifana, sai mun fahimci abin da tsauni ke ƙwace wa inji. Iska ce.

Kashi 21 cikin ɗari na iskar da muke shaƙa oksijin ne. A Legas haka yake, a ƙololuwar Chappal Waddi mai tsayin mita 2,419 ma haka yake. Abin da ke canzawa shi ne nauyin iskar. Idan kana hawa sama tana ƙara sakwarkwacewa, don haka duk lokacin da fistin ya sauka ya zuƙo iska, silinda takan cika, amma abin da ke cikinta bai kai na ƙasa yawa ba. Ƙiyasin da masana inji ke amfani da shi shi ne, injin da ba shi da turbo yana rasa kusan kashi 3 cikin ɗari na ƙarfinsa a duk hawan mita 300. A Jos, wajen mita 1,200, asarar ta kai kashi 12. A Mambila, inda tsayin ke kaiwa mita 1,600, wasu wuraren ma sun haura haka, ana maganar kashi 16 zuwa sama.

To ku lissafa. Injin fetur na Series III mai lita 2.25 ya fito daga kamfani da ƙarfin doki wajen 70. Idan ya hau Mambila, ko da sabo ne dal, ya koma ƙasa da 60. Na gas ɗinsa kuwa da doki 62 ya fara, ya koma hamsin da 'yan kai. Wannan fa sabon inji ke nan. Wanda ya shekara arba'in yana aiki, ringi ya cinye, bawul ba ya rufewa da kyau, Allah kaɗai ya san abin da ya rage masa.

A nan ne ake yin kuskuren da ya fi ba ni takaici. Mota ta kasa ja, sai a ce a buɗe mata mai. A injin fetur a faɗaɗa ramin man kafireta, a na gas a kwance sukurun injekta. Alhali mai bai taɓa yi mata kaɗan ba. Fetur yana ƙonewa tsaf ne idan kowane giram ɗaya ya samu iska kusan giram 14.7. Kafireta ba ta san an hau tsauni ba, man da ta saba bayarwa take ta bayarwa, iskar kuma ta ragu. Ke nan tun kafin a taɓa ta, mai ya riga ya yi yawa. Ku kwance filogin irin wannan motar ku duba, za ku ga ya yi baƙi ƙirin da kunkunniya. Shaidar ke nan. Ƙarin mai a kan wannan ba ya kawo komai sai hayaƙi da asarar kuɗi, kuma ɗanyen fetur ya riƙa wanke baƙin man da ke jikin silinda yana cinye ringi. A injin gas abin ya fi muni, domin man da ya yi yawa yana ɗaga zafin cikin silinda har fistin ya tsage.

Saboda haka aikin farko shi ne a dawo da ƙarfin da tsufa ya cinye. A sa ma'auni a gwada matsin kowace silinda. Idan ɗaya ta yi ƙasa sosai da sauran, sai an buɗe inji, babu wata dabara da za ta maye gurbin wannan. A saita bawul, tazararsa a wannan injin milimita 0.25 ce. A duba kwantak da wayoyin filogi. Sannan a je wa iya-kilina, wato matatar iska. Na Series irin mai kwanon baƙin mai ne a ƙasa, ƙura na maƙalewa a cikin man. Idan man ya zama laka, ko an cika shi ya wuce layi, kai da kanka ka shaƙe injin da dama iska ba ta ishe shi ba. Haka salansar da dutse ya lotsa.

Bayan nan sai saitin tsauni, ga mai injin fetur. A rage girman ramin man kafireta kaɗan, ko Zenith ce ta asali ko Weber da aka sa daga baya, a yi ta gwadawa har filogi ya koma ruwan ƙasa-ƙasa. A ɗan tura taimin gaba, domin a sama matsin cikin silinda ya ragu, inji zai jure wutar ta zo da wuri ba tare da ya yi ƙarar nan ta ƙas-ƙas ba. Akwai kuma maganar tof-silinda, wato kan inji. Wannan injin iri biyu ne, mai matsi 7 da mai matsi 8. Idan naka mai 7 ne, samo kan mai 8, ko a kai naka wa masu injin gyara su ɗan kankare fuskarsa. Matsin da ya ƙaru yana rage wani abu daga asarar tsauni, kuma za ka ji bambancin a ƙafarka.

Sai dai a kula. Wannan saitin na motar da ke zaune a sama ne. Idan kana saukowa Serti ko Jalingo da ita kowane mako, iskar ƙasa mai nauyi za ta tarar da mai kaɗan da taimin da ya yi gaba, inji ya ɗau zafi, bawul ya ƙone. Mai hawa da sauka, a yi masa saiti na tsaka-tsaki.

Duk wannan gyaran ba zai dawo da iskar da babu ita ba. Abin da ke dawo da ita shi ne turbo.

Ku tuna zugazugin maƙeri. Gawayin bai canza ba, amma da an zuga wuta sai ta yi ja. Aikin turbo ke nan. Hayaƙin da ke fita daga inji yana juya wata 'yar fanka, ita kuma tana haɗe da wata fankar da ke dannawa inji iska da ƙarfi. Gudun juyawarsu yakan wuce dubu ɗari a minti ɗaya. Idan aka hau sama iska ta sakwarkwace, turbo yakan ƙara gudu ya cike mafi yawan giɓin. Bai cike shi duka, kuma idan inji na juyawa a hankali sai ka ɗan jira kafin ya kama, amma asararsa ba ta kusa da ta injin da ba shi da shi ba.

Ga Land Rover, ni a ganina hanyar da ta fi ita ce a sauya injin gaba ɗaya da 200Tdi. Injin gas ne mai lita 2.5, mai turbo da intakula, wato abin da ke sanyaya iskar kafin ta shiga. Ya fara fitowa a Land Rover samfurin Discovery a 1989, ya shiga Defender a 1990, da ƙarfin doki 111 a ta farko, 107 a ta biyu. Babu kwamfuta a jikinsa, famfon injektansa na Bosch ne da bakanikenmu suka sani, kuma yana haɗuwa da giyabos ɗin Series da ɗan gyara kaɗan. Ƙanensa 300Tdi na 1994 ma yana shiga, sai dai ya fi neman walda da sauye-sauye. 200Tdi na Discovery turbonsa a ƙasa yake, yakan taɓa shasin doguwar Series, don haka a auna kafin a biya kuɗi. A Ingila wasu kan cire turbon gaba ɗaya don injin ya shiga cikin sauƙi. A ƙasarsu hakan na iya yi, amma a Mambila ka jefar da abin da ka sayi injin dominsa. Kuma kada a ruɗe ka da tsohon 2.5 Turbo Diesel na 1986 mai doki 85, wanda ya yi suna wajen tsagewar fistin. Ranar da 200Tdi ya iso gareji, a canza masa bel ɗin taimin, domin na roba ne, ba sarƙa ba irin ta tsohon injinka, kuma ba ka san shekarunsa ba.

Masu Land Cruiser, irin waɗanda ke hawa duwatsun Ayar a arewacin Agadas, ku ma maganar ta shafe ku. Injin 1HZ mai lita 4.2 ba shi da turbo, kuma ana ɗaura masa. Amma Toyota ba ta ƙera fistinsa don wannan zafin ba, wanda ta ƙera da turbo shi ne 1HD-T. In za a ɗaura, matsin iskar ya zama kaɗan, kuma lallai a sa agogon da ke nuna zafin hayaƙi. Da ya doshi digiri 700 a tsakiyar hawa, ɗaga ƙafa ka rage giya.

Yanzu inji ya samu ƙarfi, saura abin da ke bayansa. Ƙarfin murɗawar 200Tdi ya fi na tsohon injin da fiye da rabi, giyabos ɗin Series da shaf ɗin ƙafafunta kuwa ba don shi aka yi su ba. Fizgar kuloci da lodi a kan hawa ita ke karya shaf. Doguwar Series III mai aksul ɗin Salisbury a baya ta fi jurewa. Wasu kan sauya giyar aksul daga 4.7 zuwa 3.54 ta Range Rover don gudun kwalta, mai aikin tsauni ya bar tasa yadda take.

Lagireto ma sai an dube shi da idon basira. A mita 1,600 ruwa yana tafasa tun wajen digiri 95, iskar da ke ratsa lagireton ba ta kwashe zafi kamar ta ƙasa, ga mota na tafiyar hawainiya da lodi. Murfin lagireto mai riƙe matsi shi ne ke hana ruwan tafasa da wuri, idan robarsa ta mutu a sake shi. Kada a cire tamostat, wato abin da ke daidaita zafin ruwan inji, kamar yadda aka saba a garejinmu, Mambila wuri ne mai sanyi, injin gas da bai ɗumama ba yana cin mai yana cinye kansa. Idan ka gama hawa, bar injin ya yi minti ɗaya ko biyu yana silo kafin ka kashe, don baƙin mai ya sanyaya turbo.

Sai birki. Na Series duk na ganga ne, kuma idan ganga ta yi zafi a doguwar gangara, sai ka taka ka ji ba ya kamawa. Inji mai ƙarfi yana sa a ƙara lodi, lodin nan kuma shi zai tura ka a saukowa. A sake takalman birki, a zubar da tsohon man birki, domin yana shan danshi, wanda ya sha danshi kuma yana tafasa da wuri. In motar tana da servo, wato na'urar da ke taimaka wa ƙafa wajen taka birki, a tabbatar an haɗa shi da famfon zuƙar iska na sabon injin. Kuma giyar da ka hau da ita, da ita za ka sauko, tun daga Maisamari har ƙasa.